Babbar Rigar Saƙi da Na Saya a Waya

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Wudil, kuma yawancinsu sun fara dushewa a raina, wasu ma ba zan rantse cewa haka suka faru ba. Amma ranar da na sa babbar rigar saƙi na tafi ɗaurin aure Darki, wannan kam ko tsufa ya rikita ni ba na jin za ta fita daga kaina. Har yanzu in na tuna ina cikin mutane, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Na samu ɗan aiki a jami'a, ina kuma haɗawa da karatun digiri na biyu a fannin noma. Ni mutumin kudancin Gombe ne, Kirista, kuma tun ina yaro aka san ni da tsoron kuskure. Ni ne mai komawa gida daga bakin titi don in sake taɓa kwaɗo in ji ko ya kullu. In aka tambaye ni ko za a yi ruwa, ko da yayyafi ya fara sauka, sai in ce da alama. A wancan lokacin ina ɗaukar wannan hali a matsayin hankali.

Bincikena a kan albasa ne, kuma ba a yin sa a ofis. Wani dattijo manomi a Darki, wanda nake kira Baba, shi ya ba ni aron wani yanki na fadamarsa na yi fangalina na gwaji. Bai karɓi komai ba, ya ce in dai abin zai amfani mutane in yi. Na riga na ci kaka ɗaya, saura ta biyu, kuma dole a wannan ƙasar za a maimaita, in ba haka ba duk abin da na tara ya tashi a banza. Malamin da ke duba aikina ya sha gaya mini cewa digirina da tabbatar da ni a aiki duk suna hannun wannan dattijo, don haka in riƙe shi da kyau.

Na kuwa riƙe shi. Gidan ya zama kamar gidanmu. Mahaifin Baba yana da rai lokacin da na fara zuwa, tsoho ne tukuf, yana kwance ba ya fita. Har ɗakinsa ake shiga da ni in gaishe shi, wani lokaci in kai masa lemo ko maganin tari, in zauna a gefen wata tsohuwar adaka yana ba ni labarin noman auduga. Ni kaɗai ne baƙon da ake yi wa haka. Da Allah ya yi masa rasuwa na je na zauna zaman makoki tare da su. Bayan wani lokaci na lura Baba da ƙanensa sun daina cin abinci a kwano ɗaya, har na ji ƙishin-ƙishin cewa wani abu ne ya ɓata a kayan mamacin kafin rabon gado. Ban tambayi ko mene ne ba. Ina da doka a raina cewa baƙo ba ya sa baki a maganar gida, kuma har yabon kaina na yi a kan wannan kamun kai.

Ana nan sai Baba ya gaya mini zai yi wa babban ɗansa aure, ya ce lallai in zo. Ƙanensa, mutum mai kaifin baki, ya ce in zan zo don Allah in bar musu wandon Bature a gida, kada dangin amarya su ɗauka an turo mai karanta mita. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta bi ni har gida.

Nan tunanina ya fara aikin da ya saba. In na ɗinka sabuwar shadda mai ƙyalli, wataƙila a ce ɗan boko ya zo nuna albashi. In na sa yadi mara nauyi, wataƙila a ce na raina taron. In na ari ta wani, wataƙila a gane. Ina cikin wannan lissafi ne wani abokin aikina ya nuna mini wani shafi a wayarsa inda ake sayar da kayan da: zannuwan saƙi, huluna, tsofaffin riguna masu ɗinkin hannu. Ya ce yanzu manyan mutane su suke nema. Na ce ai gwanjo ne. Ya ce gwanjo na talaka ne, wannan sunansa kayan tarihi.

Ina dubawa idona ya faɗa kan wata babbar riga. Saƙi ce baƙa mai ɗigon fari, an yi mata ɗinkin aska biyu da zaren tsamiya a ƙirji, ta sha jiki amma tana nan da kwarjininta. Nan take na ga mafita. Ba sabuwa ba ce balle a ce ina taƙama, ba kuma ƙarama ba ce balle a ce na raina. Za ta nuna ina girmama al'adar mutanen da suka karɓe ni. Har na fara hango Baba yana gyaɗa kai.

Kada mai karatu ya ɗauka haka kawai na tura kuɗi. Na ji labarin waɗanda aka aiko wa da tsumma a kwali, don haka na zauna na tsara duk hanyar da za a iya cutata, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na kira mai kayan ta bidiyo. Na sa ya ɗaga rigar a rana in ga ko asu ya ci ta. Na sa ya auna ta da tef ina kallo, ya juya ta ciki waje, ya ja ɗinkin hammata da ƙarfi. Na sa ya shinshina ya gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah. Na ga wani ɗan faci a bakin aljihu da aka yi da zare mai ɗan haske, na tambaya, ya ce wannan ai shi ne shaidar asali, masu sani shi suke fara nema. Ya ƙara da cewa daga wani tsohon gida a Damagaram aka samo ta. Ban tambaye shi wane gida ba, ko wa ya sayar masa. Damagaram ta yi mini nisa yadda ya kamata, kuma sunan ya yi mini daɗi a kunne.

Mutumin ya gaji da ni har ya ce, "Oga, ko mai neman aure bai yi wannan binciken ba."

Na ji daɗin wannan maganar ƙwarai. Kuɗin ya ci wani babban yanki na albashina, amma na biya ina ganin ni ne mutumin da ba a cuta.

Direban wata motar haya ya kawo ta tashar Wudil a cikin leda. Ban shigar da ita ɗaki ba sai da ta sha rana a kan igiya har maƙwabta suka fara tambaya, saboda tsoron ƙwarƙwata da ƙazwa da cututtukan da ni kaina na ƙirƙiro. Na bi kowane ɗinki da yatsa. Na turara ta. Sannan na shiga koyon sa ta, don ban taɓa sa babbar riga ba. Na yi ta tsayawa gaban madubi ina naɗe hannun a kafaɗa, yana zamewa, ina mayarwa, har na iya yin abin cikin tafiya ba tare da na kalla ba. Na koyi yadda zan tattare ta in zauna, da yadda zan miƙe ban taka ta ba. In akwai jarrabawar sa riga, ina jin da na ci.

Ranar Asabar da hantsi na hau acaɓa zuwa Darki, rigar tana cika da iska a bayana. Na sa ɗan acaɓan ya sauke ni ɗan nesa da gidan don in ƙarasa da ƙafa a gan ni sosai. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, maza sun cika, ana ta gaisawa da hira.

Ina matsowa hirar ta fara mutuwa. Ta fara daga tabarmar dattawa, ta bi layi har ta kai ga samari. Wani tsoho da ya kai goro baki ya tsaya da hannunsa a sama. Wani ya miƙe tsaye yana salati a hankali. Wasu mata da ke leƙe ta bakin soro suka koma ciki da sauri. Ni kuwa, Allah ya gani, na ɗauka kwarjini ne. Na rage sauri. Na ɗaga hannun riga na ɗora a kafaɗa yadda na koya, na yi sallama da wata murya mai kauri da ban san ina da ita ba.

Da ƙyar aka amsa. Na durƙusa na gaida Baba, na yi masa murna, na tambayi gajiyar hidima da baƙi. Yana amsawa, amma idonsa ba ya kan fuskata, yana kan aljihuna. Ƙanensa ya taso daga inda yake ya zo ya tsaya a kaina, ya kama bakin aljihun da yatsu biyu ya juya shi, ya daɗe yana kallon facin nan, shaidar asali. Sannan ya saki, ya dubi wansa, ya ce, "To, Yaya. Ga ta nan ta kawo kanta."

Baba ya ce masa ya bari a ɗaura aure tukuna. Ya nuna mini gefen tabarma ya ce in zauna.

A wannan zaman ne wani malamin makarantar firamare da muke mutunci ya matso ya raɗa mini abin da kowa a wurin ya sani ban da ni. Rigar marigayi ce. Ita yake sawa kowace Sallah tun waɗannan dattawan suna samari, ba wanda bai san ta ba a garin. Ita ce abin da ya ɓata daga adaka. Baba ya zargi ƙanensa da ɗauke ta, ƙanen ya rantse bai gan ta ba, tun daga nan suke gaba. Sannan malamin ya tambaye ni a hankali ko gaskiya ne ina shiga ɗakin tsohon.

Ban san yadda aka ɗaura auren nan ba. Na ga ana ɗaga hannu ana shafawa, na ga ana rabon goro da alawa, wani ya sa mini alawa a hannu na riƙe har ta narke. Saƙi tana da nauyi, ranar kuma ta yi mini nauyin da ban taɓa ji ba. Gumi yana bin bayana. Na tuna duk ranar da na zauna a gefen adakar nan, wani lokaci ma ni da tsohon kaɗai yana gyangyaɗi. Na tuna irin albasata da ke jiran dashe. Na ga kaina ina yi wa malamina bayani cewa an kore ni daga fadama saboda satar rigar mamaci, na ga labarin ya isa coci, ya hau mota ya isa wurin mahaifiyata. Na so in cire rigar, amma singileti ce kawai a ciki, don na ji ana cewa saƙi akwai zafi.

Da mutane suka fara watsewa Baba ya kira ni soro, shi da ƙanensa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai taɓa ganin wani abin ƙi a tare da ni ba, yana so kawai in gaya masa inda na samu rigar.

Tambaya ce mai sauƙi, amsarta ma mai sauƙi. Amma halina ya tashi. Na ce ba zan ce na san rigar ba, ko da yake ba zan iya cewa ban taɓa zama kusa da inda take ba, in har a adakar take, wanda ba ni da tabbas. Na ce a iya sanina daga Damagaram take, amma ba zan musa cewa mai yiwuwa ba daga can take ba. Ina magana ina jin kaina, kuma ko ni ne alƙali da na ɗaure mai wannan bayanin. A ƙarshe dai na samu na ce a waya na saya.

Ƙanen Baba ya ce, "A waya."

Na ce e.

"Rigar ubanmu ta fita daga adaka, ta tafi Damagaram, ta shiga waya, ta faɗo a jikinka."

Na ce kusan haka ne, in an cire Damagaram, wataƙila.

Na ciro wayar don in nuna musu shafin. Ba sabis. Na ɗaga ta sama, na matsa bakin ƙofa, na dawo, hannun rigar yana zamewa daga kafaɗata ina mayarwa, don jiki ya riga ya saba. Da sabis ɗin ya ɗan leƙo, sai na tarar an cire hoton tunda an sayar. Na kira mai kayan, ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Ƙanen Baba ya ce shi ba ya neman komai, watanni ke nan ana kallonsa da ɓarawo a gidan ubansa, yanzu yana so a kira mai unguwa a yi maganar a gaban kowa. Can Baba ya ce mini, cikin sanyin murya, wataƙila zai fi kyau in ɗan dakata da zuwa fadama har a gane bakin zaren. Wannan ta fi mini zagi ciwo.

Sai muka ji takun sanda daga cikin gida. Mahaifiyarsu ce, matar marigayin, wadda kowa ke kira Iya. Na sha gaishe ta daga nesa, amma ban taɓa jin ta yi doguwar magana ba. Matan da suka gan ni sun kai mata labari. Ta tsaya a ƙofar ciki, ta dube ni tun daga wuya har ƙasa.

Ta ce, "Ku ƙyale yaron mutane. Ni na ba da ita."

Ta nemi kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta yi bayani ba tare da gaggawa ba. Ta ce tun ba a share makoki ba ta ji su biyun ta bayan katanga, kowa yana faɗin dalilin da ya sa shi ya fi cancanta da rigar, wannan ya ce shi ne babba, wannan ya ce shi ya yi jinya. Ta ce ta san 'ya'yanta, gona za su raba lafiya, amma riga ba ta rabuwa. Rannan sai ga mutumin nan mai yawo a kan babur yana karɓar tsofaffin kaya yana ba da robobi. Ta ɗauko ta ta ba shi, ta ce ya kai ta inda ba za ta ƙara ganinta ba. Ya ba ta baho da bokiti.

Baho da bokiti. Na tuna albashina.

Baba ya ce, cikin ladabi, ai Iya kayan gado ne. Ta ce gadon wa? Ita ta kaɗa zaren da hannunta tana amarya, ita ta sayar da akuyarta ta biya masaƙi da mai ɗinki, aro ta ba ubansu ya yi ta sawa har Allah ya karɓi abinsa. Facin ma ita ta yi, ranar da garwashi ya faɗa wa rigar. Ƙanen ya tambaye ta me ya sa ta yi shiru tana ji ana kiransa ɓarawo. Nan ta ɗan sunkuyar da kai. Ta ce ta ɗauka in ba rigar za su huce, da ta ga abin ya ƙi, sai kunya ta hana ta magana. Ban san ko malamai za su yarda da hukuncin Iya a kan gado ba, kuma ba ni ne zan ce komai a kai ba. Abin da na gani shi ne Baba ya juya ya dubi ƙanensa ya roƙe shi ya yafe masa, ƙanen ya ce ba komai, yana goge ido da bakin hularsa yana cewa hayaƙin girki ne.

Na ga dama ta samu, na ce in za a ara mini wata riga, yanzu zan cire wannan in bar musu. Na ga idon 'yan'uwan biyu ya ɗago a tare. Iya ma ta gani.

Ta ce, "Ka bar ta nan, gobe in nemo mai roba. Ka saya da guminka, taka ce. Tashi in gani."

Na miƙe. Ta ce in juya, na juya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, kamar ba da mu take ba, "Shi ya fi ka cika ta." Ta share fuska da gefen mayafinta, ta buga sandarta a ƙasa. "To, maigida, ka dawo ke nan. Ina cefane? Ko haka za ka shigo mini hannu biyu?"

Ƙanen Baba ne ya fara dariya, har da riƙe ciki. Baba ya bi. Aka kawo mini tuwon biki da miyar taushe, na ci a soron ina tattare hannun riga kada ya shiga miya. Da zan tafi Baba ya raka ni har bakin hanya, ya ce jibi in zo da wuri, za a sako ruwa a fadama.

Na yi dashena, na gama kaka ta biyu, na samu digirin. Amma daga ranar aka manta da sunana a Darki, kowa mijin Iya yake ce mini, har limamin garin. Duk zuwan da zan yi sai na tsaya kasuwa na sayi goro ko sukari na kai cefane, ita kuma ta karɓa ta juya shi ta ce na da ya fi ni sakin hannu. Haka muka yi har ta rasu. Mai kayan ya kira ni daga baya, na gaya masa abin da ya faru, ya yi dariya ya ce shi ma a hannun wani ya saya, kuma ai kowa Damagaram yake cewa. Rigar tana nan a akwatina. Ban sake sa ta ba, ban kuma iya rabuwa da ita ba.

Abin da na koya ba wai kada a sayi tsohon kaya a waya ba ne, ko da yake ni dai na tuba. Na bincika duk abin da rigar za ta iya yi wa fatata da aljihuna, ban taɓa tunanin cewa wani ya rayu a cikinta ba, kuma akwai waɗanda za su gan ta gabansu ya faɗi. Hoto yana nuna ɗinki da launi, ba ya nuna mutanen da ke bayan kaya. Yanzu in zan karɓi wani abu da ya riga ni zuwa duniya, kafin in tambayi ko ya yage, sai in tambayi na wane ne, kuma wa ya bari.